Hannun da Kaka Ta Ɗaure

Wata Laraba ce da hantsi, cikin damunar 1957, a gidan hayarmu na Unguwar Shanu. Baba ya hau kekensa ya tafi ofis, inda yake aikin akawu, ni kuma ina tsugune bakin rijiya ina wanke-wanke da toka da soso. Shekarata tara. Cikin kayan akwai farantin tangaran na Kaka, mahaifiyar Baba, wanda marigayi mijinta ya taho mata da shi daga Makka. Ban san yadda aka yi ba, sai ji na yi tas! Faranti ya rabu uku a kan dutsen wanki. Kaka ta fito zani a hannu, ta nuna ni da yatsa gaban matan gidan kaf, ta ce, “Na ɗaure hannun nan naki! Ba zai sake riƙe abin kirki ba.”

Wallahi tun daga ranar hannuna ya zama ba nawa ba. Ludayi ya suɓuce mini cikin kunu. A makaranta kwalbar tawada ta kife kan littafin lissafi, na sha bulala. Ni da nake cinye ’yan unguwa a wasan carafke, sai ga dutse ɗaya tak ya gagare ni cafewa, yara suka laƙaba mini Mataccen Hannu. Inna ta kai ni wajen Malam Ilu, mai makarantar allo a maƙwabtanmu, ko zai yi mini rubutun sha. Ya girgiza kai ya ce, “Bakin da ya ɗaure shi ke kwancewa, kuma gaban waɗanda suka ji.” To, ina! Kaka Bazazzagiya ce mai kafiyar tsiya, ba ta taɓa janye magana don babba ba, balle don jika.

Bayan wata biyu Inna ta haihu, namiji, bayan mu mata huɗu. Kowa ya ɗauki jaririn, har ƙanwata Ladi mai shekara shida an ɗora mata shi a cinya. Ni kuwa da na miƙo hannu sai a ce, “A’a Binta, je ki kawo ruwa.” Abin ya ci mini rai matuƙa. Kwana shida ina leƙen ƙanena daga bakin ƙofa, in koma bayan madafi in sha kukana.

Ranar suna gida ya cika maƙil. An raɗa masa Usmanu, an yanka rago, Kaka na zaune kan tabarma da jaririn a cinya. Har yau ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ratsa mata, na durƙusa gabanta, na shimfiɗa tafukana, na ce da ƙarfi, “Kaka, ke kika ɗaure, ga kuma waɗanda suka ji. Ki kwance mini in ɗauki ƙanena.” Inna ta zaro ido. Kaka ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Ja’ira!” Ta kama hannuwana, ta yi bismilla, ta tofa sau uku, ta ɗaga murya: “Na kwance. Na yafe. Na sa wa hannun nan albarka, abin da ya riƙe ya riƙu.” Da kanta ta ɗora mini Usmanu. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Hannuna ko rawa bai yi ba! Na zagaye tsakar gida da shi sau biyu ina taƙama kamar ni na haife shi, da la’asar kuma na cinye masu tsokanata a carafke ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu in na ba jikokina labarin dariya suke yi, wai tsoro ne kawai ya sa hannuna rawa. Su a wurinsu magana iska ce, a rubuta a waya a goge. Mu kuwa mun tashi lokacin da in babba ya buɗe baki aiki ya yi, shi ya sa ake auna magana kafin a furta, kuma ina kewar wannan nauyin. Ni dai shekara talatin da biyu na yi ina aikin ungozoma a asibiti, kuma duk haihuwar da zan karɓa sai na ji muryar Kaka a kunnena. Ban taɓa sakin ɗan kowa ba.