Uwaisu Mai Waya da Abokinsa na Rabah

A Wurno akwai Uwaisu da yawa, amma Uwaisu Mai Waya ɗaya ne. Dattijo ne dogo, mara yawan magana, mai noman tafarnuwa a fadama. Matasan unguwarsu suna zaton ya taɓa sayar da wayar hannu ne. Ba haka ba ne, sunan ya girme su.

Yana saurayi aka ɗauke shi masinja a wani ofishin noma da ke kula da manoman fadama. A ofishin akwai wayar girke baƙa, mai nauyi, mai faifan lambobi da ake juyawa da yatsa. Da manyan ofishin suka lura yana da natsuwa, kuma ba ya mance saƙo, sai suka zaunar da shi a gabanta. Aikinsa ya koma ɗaga waya, da kai saƙo, da kiran ofishinsu na Rabah.

A can Rabah ma akwai mai zama gaban waya, sunansa Halliru. Kullum da safe sai sun yi magana: taki ya iso ko bai iso ba, motar ofis ta lalace a ina, wane ne zai zo duba gonaki. In an gama maganar aiki sai Halliru ya buɗe tasa. Mutum ne mai barkwanci da babbar murya, ya iya kwaikwayon maganar kowa, har da ta shugabansu. Uwaisu da ba a cika ganin haƙoransa ba, sai a gan shi rungume da kan waya yana dariya har da hawaye. Ta wayar nan Halliru ya ji labarin auren Uwaisu da Juwairiyya, ta nan ya yi masa ta'aziyyar mahaifinsa. Sun daɗe a haka kafin su ga juna. Ranar da suka haɗu a kasuwar Achida, Uwaisu ya yi ta mamaki, domin mai babbar muryar nan ashe ɗan gajere ne siriri, hularsa ma ta yi masa yawa.

Wata damina iska ta kayar da turakun layin. Aka ce za a gyara. Kafin a gyara, ɓarayi suka kwashe wayoyin da ke kwance a daji. Aka sake cewa za a gyara. Uwaisu ya ci gaba da goge wayar kowace safiya, yana ɗaga kanta ya kara a kunne ko ta dawo, har ya gaji ya bari. Da farko shi da Halliru suna aika wa juna gaisuwa ta bakin direbobi. A hankali gaisuwar ta yi ta raguwa har ta yanke. Ba faɗa suka yi ba, ba wanda ya ɓata wa wani. Da wayar hannu ta zo, Uwaisu ya sha cewa zai nemi lambar Halliru. Bai nema ba.

Ya yi ritaya, ya koma gona, 'ya'yansa suka girma suka yi aure. Wata rana yana wucewa ta tsohon ofishin ya ga ana fitar da tarkace za a yi wa ginin kwaskwarima. A cikin karyayyun kujeru ya hango wayar, kife a ƙasa. Ya roƙa, aka ce ya ɗauka, dama zubarwa za a yi.

Da ya shigo da ita gida Juwairiyya ta dube ta, ta dube shi.

"Malam, mi za ka yi da wanga abu?"

"Gyara ta za ni yi."

"In ka gyara, wa za ka kira?"

Wayar kuwa ta ji jiki. Ɓeraye sun cinye igiyarta, ƙararrawar ta yi tsatsa, faifan lambobin ya tsage ba ya juyawa, ɗan abin da ke fitar da murya a kunne ma babu shi, wani ya cire tun tuni.

Aka kwatanta masa wani mai gyaran rediyo a Goronyo, Nasrullahi, wanda aka ce ba ya mayar da tsohon abu. Uwaisu ya naɗe wayar a buhu ya hau mota. Nasrullahi ya kwance ta a kan benci, ya daɗe yana leƙa cikinta, yana jin daɗin irin aikin da aka yi mata.

Ya ce, "Baba, igiya ba matsala ba ta, ina iya haɗa maka wata. Ƙararrawa ma in ta sha goga za ta yi kuka. Amma faifan ga da abin kunne, an bar yin su. Sai dai a samu 'yar'uwatta a cire."

Daga nan Uwaisu ya shiga nema. Ya je Sakkwato wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa, ya tona tarin tarkace har hannunsa ya yanke. Wasu suka ce sun sha samun irinta, amma sukan fasa su cire jan ƙarfen ciki su yar da sauran. Wani ya ce masa akwai ɗaya a gidan wani tsohon ma'aikaci a Giyawa. Ya hau babur ya sha hanya, ya tarar ta roba ce mai maɓallai, ba abin da zai shiga tasa. Ya dawo da ciwon baya, Juwairiyya ta dafa masa ruwan zafi.

Yana kwance yana jinyar bayan ne tunanin ya zo masa. Wayar ofishin Rabah ai irin tasa ce, tare aka kawo su. Kuma in akwai wanda zai adana ta, Halliru ne. Abin da ya tuna masa da abokinsa ke nan bayan shekaru masu yawa, faifan lambobi.

Da ya isa Rabah bai sha wahalar gano gidan ba. Ya yi sallama a zaure, wata dattijuwa ta leƙo. Habi ce, matar Halliru. Da ya faɗi sunansa sai ta dafe ƙirji.

"Uwaisu na Wurno? Mai waya? Lale, lale! Shigo, Malam, shigo. Ai kullum sai ya yi zancenka, da yana iyawa."

Uwaisu bai gane ƙarshen maganarta ba sai da ya shiga ɗakin. Halliru na jingine da bango a kan katifa, ya ƙara ƙanƙancewa, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama kwance a cinya kamar ba nasa ba. Habi ta ce hawan jini ne ya kayar da shi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi. Halliru ya dubi baƙon kamar bai san shi ba. Sai da Uwaisu ya durƙusa ya ce, "Halliru, ina kwana? Wurno ta," kamar yadda ya saba buɗe magana a da. Nan take idon Halliru ya buɗe. Ya kama hannun Uwaisu da hannunsa mai lafiya ya riƙe gam, bakinsa yana motsi, ba abin da ke fita sai iska.

Habi ta kawo fura, ta zauna daga bakin ƙofa tana ta godiya.

"Duk mutanen da sunka yi aiki tare, ba wanda yat tako gidan ga sai kai. Allah shi saka. Wa yag gaya maka ba shi da lahiya?"

Uwaisu ya ce, "Allah dai ya kawo ni."

Wayar tana nan a kan kabad, an rufa mata ƙyalle mai ado, kanta kawai ya leƙo. Tun shigowarsa ya gan ta. Ya yi iya ƙoƙarinsa kada ya sake kallon wurin, amma idonsa ya yi ta komawa. Halliru bakinsa ne ya mutu, hankalinsa na nan. Ya bi idon Uwaisu da kallo har kan kabad, ya dawo da kallonsa kan fuskarsa, ya daɗe. Sannan ya saki hannun, ya yi wa Habi nuni.

Ta ce, "Wayar kaka so in sauko?"

Ya gyaɗa kai. Ta sauko da ita. Ya nuna Uwaisu.

"Wai in ba shi? Malam, ai ko jikokinka ba ka bari su taɓa ta."

Ya sake nuna Uwaisu, sannan ya juyar da fuskarsa bango.

Uwaisu ya san abin da ya kamata ya faɗa. Wato ya ce a'a, a mayar da ita, shi gaisuwa ta kawo shi. Maganar ta zo har bakinsa. Amma wayar na gabansa tana sheƙi, faifanta lafiya lau. Ya yi godiya, ya naɗe ta a ƙyallenta, ya fito.

A Goronyo Nasrullahi ya buɗe ta, ya juya faifan, ya saurari yadda yake komawa da kansa.

"Baba, wagga ai ba abin da yas same ta. Mi zai hana ka riƙe ta hakanan, mu bar waccan?"

"Tawa nika so."

"In na cire, wagga ta mutu ke nan."

"Cire."

Ya cire. Bayan 'yan kwanaki aikin ya kammala. Nasrullahi ya jona wasu wayoyi da ya haɗa, ƙararrawar ta kaɗa, har mutanen shagon kusa suka leƙo. Uwaisu ya ɗaga kan wayar ya kara a kunne. Ya daɗe yana jiran wannan rana, amma da ta zo bai ji komai a ransa ba sai nauyi. A gefen bencin ga wayar Halliru da rami a tsakiyarta.

Tun daga lokacin ya riƙa zuwa Rabah, wani lokaci da tafarnuwa, wani lokaci hannu sake. Yakan zauna kusa da katifar ya yi ta ba da labari, shi da ba gwanin zance ba: farashin albasa, ruwan da ya ci gonakin bara, waɗanda suka rasu cikin mutanen ofis. Halliru yakan rufe ido yana saurare, wani lokaci gefen bakinsa ya ɗaga kaɗan. Ba wanda ya tayar da zancen wayar. Sau da yawa Uwaisu ya shirya zai faɗa masa gaskiyar abin da ya kawo shi ranar farko, ya nemi gafara, sai ya ga ai Halliru ya riga ya sani, kuma ba shi da bakin da zai ce ya yafe.

Zuwan bai yi tsawo ba. 'Yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan da ke kewaye, hanya ta zama abin tsoro, ɗan Halliru, Faruk, ya zo ya kwashe iyayensa zuwa Sakkwato. Uwaisu ya karɓi lambar Habi. Yakan kira, ta kara wa mijinta wayar a kunne, ya yi ta magana shi kaɗai, bai san ko ana ji ba sai ta karɓa ta ce, "Ya ji, Malam, ga shi yana hawaye." Kafin kaka ta shigo Halliru ya rasu. Uwaisu yana fadama aka kira, sai da ya dawo gida Juwairiyya ta tare shi da labarin, an riga an yi jana'iza.

Ya je ta'aziyya. Da zai tafi ya ce wa Habi zai mayar mata da wayar mijinta, amma sai ya gyara ta tukuna. Ta ce ba komai, ya riƙe, ai ba shi aka yi. Ya ce a'a, zai kawo.

Har yanzu bai kai ba. Duk sanda ya kai tafarnuwa kasuwar Goronyo sai ya biya shagon Nasrullahi ya tambaya ko an samu faifan. Nasrullahi ya yi cigiya a Sakkwato, ya yi a Gusau, har wani abokinsa da ke zuwa Kano ya sa ya duba masa. Zuwan Uwaisu na ƙarshe, tun kafin ya zauna Nasrullahi ya girgiza kai.

"Ba a dace ba tukuna, Baba."

Uwaisu ya ce, "To, a ci gaba da dubawa." Ya gyara hularsa, ya nufi tasha.