Rigar Ceto a Tafkin Dungu

Zan fara da neman afuwa. Abin nan bai daɗe da faruwa ba, amma na lura ƙwaƙwalwata tana gyara labari ta inda zai fi yi mini daɗi. Mai yiwuwa na sauya jerin wasu abubuwa, ko na sa wa wani maganar da ba shi ya yi ta ba.

Yayana ya fara zuwa Ikko cin rani yana tura baro, yanzu yana da shagon kayan mota a can. Duk damina yakan dawo Matameye noma. A wannan shekarar ya dawo da buri: zai ɗauki iyali a jirgin ruwa na yawon buɗe ido, irin wanda ake kwana a ciki, yana tsayawa a tsibirai mutane su sauka su kalli kifi a ƙarƙashin ruwa. Mu ke nan, da babban ruwan da muka saba da shi shi ne na randa. Babbar 'yarsa, mai shekara goma sha biyu, ta ga hotunan kifayen a wayarsa, tun daga ranar ba ta da wata hira.

Kamfanin jirgin ya turo hanyoyi uku. Ta farko kwana uku, jirgi yana bin gaɓa, ba mai taɓa ruwa. Ta biyu kwana biyar, ana sauka a tsibirai, a sa madubin ido da bututun numfashi da rigar ceto, a kwanta rub-da-ciki a saman ruwa ana kallon ƙasa. Ta uku ta masu nutso ce da tulun iska a baya, wato ta waɗanda suka gaji da duniya.

Yaya ya miƙo mini wayar. "Kai ne mai lisansi, ka gama jami'a. Zaɓa mana."

Na yi kwana huɗu ina nazari, na ja layuka da rula, na jera amfanin kowace hanya da haɗarinta. Ashe wahalar banza na yi, don hukunci yana hannun Hajiya, mahaifiyarmu. Ta saurare ni tana dama fura, sannan ta ce ta yarda da ta biyu bisa sharaɗi biyu.

"Da bazara za a je, lokacin da ruwan ya ja baya. Sannan wannan," ta nuna ni da ludayi, "ya shiga tare da yara, tunda shi ya iya ruwa."

A wurinmu duk ruwan da ke kwance yana da lokacinsa: ya cika da damina, ya ragu da kaka, da bazara awaki su yi kiwo a tsakiyarsa. Hajiya ba ta ga dalilin da zai sa teku ya fi sauran girman kai ba. Ni kuwa ilmin ƙasa na karanta a jami'a, na san teku ba ya ƙafewa. Na buɗe baki na ce, "To, Hajiya, a iya sanina, ragin ba shi da yawa sosai." Yaya ya taka mini ƙafa. Na yi shiru, kamar yadda ya dace da masani.

Sharaɗi na biyu ya fi muni. Ina ɗan shekara goma na taɓa haye wani tafki a Dungu, rungume da ƙaton gora, idona a rufe, iska ce ta kai ni ɗaya gefen. Kawu, ƙanen Hajiya mai lambun rake a can, shi ya gani, shi ya baza labarin. Da shekaru suka tafi sai goran ya faɗi daga cikin labarin, ni kuma ban sunkuya na ɗauko shi ba. Da na rubuta kundin kammala karatu a kan tafkunan yankin Kantche, sai magana ta ƙare: yaron nan har karatun ruwa ya yi. Ba wanda ya tambaya ko daga bakin tafkin na yi binciken, da takalmina a ƙafa.

Na so in bar abin haka. Na ce wa kaina bazara da sauran nisa, wataƙila Yaya ya manta, wataƙila jirgin ya lalace. Sai wata safiya na tarar da 'yar Yaya ta tsoma fuska cikin bahon wanki tana gwada riƙe numfashi. Ta ɗago, ruwa yana zuba daga haɓarta.

"Baffa, in na nutse kai za ka ciro ni, ko?"

Na wuce kai tsaye wurin Hajiya, tana tsintar zogale a inuwa, Yaya yana gefe yana wasa hauya.

"Hajiya, akwai gyara kaɗan. Teku ba ya ja baya da bazara."

"Ko kaɗan?"

"Yana ɗan motsi safe da yamma, amma ba irin wanda kike nufi ba. Kuma maganar iya ruwa, ina jin an ɗan yi ƙari."

"Ƙari nawa?"

"Duka."

Yaya ya ajiye hauyar. "Allah ya yi maka albarka, mai lisansi. Shekara ashirin kana riƙe da ƙarya lafiya lau, sai yanzu ta yi maka nauyi?"

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce hanya ta farko za a bi, jikokinta su kalli ruwa daga sama kamar mutanen kirki. Yarinyar ta ji daga bakin ƙofa. Kwana biyu tana kawo mini abinci ta ajiye ba tare da ta dube ni ba, wannan kuwa ya fi zagin da ubanta ya yi mini ciwo.

Na koma wurin Hajiya da maganar rigar ceto. Na ce, in dai bayanin kamfanin gaskiya ne, wanda ya sa ta ba ya nutsewa ko bai iya ruwa ba.

"Riga? Ta ɗauki mutum?" Ta dube ni. "Kai da bakinka ba shaida ba ne yanzu. A kawo in gani."

Yaya ya sa wani direba ya taho da guda ɗaya daga Ikko, ja, mai igiyoyi, tare da madubin da bututun. Muka ɗunguma zuwa Dungu da hantsi, tafkin ya cika maƙil. Kawu ya fara tuɓe riga, Hajiya ta tsayar da shi.

"Kai ka iya ruwa, me za ka nuna mini? Ga wanda ya dace can."

Sai ga shi a karon farko rashin iyawata ya zama abin nema. Masu lambu suka bar aiki suka taru. Kawu ya ɗaura mini igiyar guga a ƙugu yana cewa, "Ɗan nan, ko in nemo maka goranka?" Ashe bai taɓa mantawa ba, labarin ne ya fi daɗi babu shi.

Na shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, sai ƙasa ta ɓace daga ƙarƙashin ƙafata. Na jira mutuwa, ba ta zo ba. Rigar ta tallabo haɓata, ina lilo a saman ruwa kamar ƙwarya. Hajiya ta sa aka ce in kifa da bututun a baki, yadda yara za su yi. Na kifa. Ban ga komai ba sai laka.

"A jawo shi?" in ji Kawu.

"Ku ƙyale shi tukuna." Sai da Hajiya ta gama shan gaɓar raken da ke hannunta, ta zubar da ɓawon, sannan ta ce, "In ta ɗauki wannan, za ta ɗauki kowa. A bi ta biyun. Amma kowane yaro da rigarsa, kuma ma'aikacin jirgin ne zai tsaya a kansu, ba masani ba."

Da bazara muka je. Hajiya ta daɗe tana kallon teku, sannan ta ce wannan bai san rani ba. Yarinyar ta ga kifayenta, ta fito tana ba ni labarinsu ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina kan rairayi ina gadin takalma, aikin da na yi shi ba tare da kuskure ba.

Mutane da yawa sun halarci gwajin na Dungu. Kawu yana cewa sau uku na ƙwalla wa Hajiya kira daga cikin ruwa. Ni sau ɗaya nake tunawa, kuma ina jin ba da ƙarfi ba. Duk wanda yake wurin ya ga na yi kuskure, a nan ko a wani wuri, ya aiko mini in gyara. Roƙona kawai, wannan karon kada a cire rigar daga labarin.