Kafin da Aka Yi wa Kwamfutar Kawu

Shekarar da na gama bautar ƙasa, kawuna, yayan mahaifiyata, ya buɗe cibiyar kwamfuta a Gaya, inda ɗalibai ke zuwa gwajin jarrabawa. Shi ɗan kasuwar hatsi ne, bai taɓa danna kwamfuta ba, amma ya je Kano ya sayo wata ƙatuwar kwamfuta da aka taɓa amfani da ita, wadda za ta riƙa ciyar da ƙananan. Ni ya ɗora a kanta, tunda abin da na karanta ke nan. Mai sayarwar ya gaya masa irin wannan ba a kashe ta. Kawu ya riƙe maganar kamar wasiyya. Ya sa mata sola, ya ajiye janareta, ya kafa doka cewa duk wanda ya taɓa makunninta ya bar masa gida.

Na'urar tana da ƙwaƙwalwa biyu, kowacce da nata ma'ajin da take ajiye aikin da ke hannunta. Ana kasa ma'ajin ƙanana-ƙanana, mu masu sana'ar muna kiran su shafuka. Wata Talata na ga ɗaya daga sandunan ma'ajin ɓangaren hagu ta fara kuskure. Gyaran mai sauƙi ne: a kashe, a zare sandar, a kunna. Kawu ya ce ko da wasa. Sai na bi doguwar hanya, na umarci manhajar da ke tafiyar da na'urar ta kwashe shafukan daga wurin da ya lalace ta mayar da su ɓangaren dama, alhali ana cikin aiki. Ta kwashe kusan duka. Wasu 'yan kaɗan suka ƙi motsi. Katin da ke haɗa na'urar da sauran kwamfutocin ne ya riƙe su, domin kai tsaye yake zuba saƙo a cikinsu.

Kawu ya shigo da rana, ya tarar da ni na yi tagumi.

"Ke, lafiya?"

"Kawu, shafuka nake son tayarwa, wasu sun ƙi tashi. An kafe su."

Ya cire hula, ya zauna. "An kafe su? Kafi?"

Na ce ba irin wannan kafin ba, amma ya riga ya yi nisa. A ransa asiri ne, kuma ya san wanda ya yi: wani Alhaji a Ajingi, tsohon abokin cinikinsa, wanda shi ma ya buɗe cibiya wata biyu bayan tamu.

Washegari da hantsi ya dawo a babur da wani dattijon malami daga Kademi, siriri, mai farin gemu da ƙaramar jaka. Malam ya cire takalmi a ƙofar ɗakin na'urar, ya gaishe ni, ya tsaya yana sauraron ƙugin fankokinta.

"'Yata, wa ya kafe su?"

"Allah gafarta Malam, wani kati ne a cikinta."

"Don me?"

Na yi masa bayani cewa an riga an nuna wa katin inda zai zuba saƙo. In aka ɗauke shafin ba da saninsa ba, zai ci gaba da zubawa a tsohon wurin, ya ɓata kayan wani.

Malam ya gyaɗa kai. "To ai yana da gaskiya. A ce masa ya saki mana."

"Ba ya saki sai an tsayar da shi. In an tsayar da shi kuma, ɗalibai sun yanke."

"A kashe ta gaba ɗaya."

"Ba a kashe ta!" in ji Kawu daga bakin ƙofa.

Malam ya juya ya dube shi. "Alhaji, wannan ba aikina ba ne. Babu sihiri a nan."

Wannan magana ta ƙara tabbatar wa Kawu cewa aikin babba ne, tunda har malami bai gan shi ba. Ya bar mu, ya hau babur sai Ajingi. Muka zauna ni da Malam muna cin gyaɗa. Ya tambaye ni ko ƙwaƙwalwar hagu tana iya ɗaukar abu daga ma'ajin dama. Na ce tana iya, sai dai da ɗan jinkiri, don hanyar ta fi nisa. Cikin awa ɗaya ya fahimci abin da na yi zango guda ina fama da shi a jami'a.

Bayan azahar Kawu ya dawo, Alhajin Ajingi na bayansa a kan babur ɗin, riƙe da kafaɗarsa. Ashe da Kawu ya zarge shi, mutumin bai musa ba, bai kuma amsa ba. Cewa ya yi sai ya ga abin da ake cewa ya yi. Ya leƙa allon, na nuna masa layukan da ke cewa ƙaura ta gaza. Ya daɗe yana kallo, kamar yana alfahari.

"Guda nawa suka ƙi tashi?"

Na gaya masa.

"Kai, ba laifi," ya ce.

Kawu ya harzuƙa. Suka fara tono rigimar wani buhun wake tun zamanin da ban san kaina ba. Ɗalibai suka bar gwaji suka cika taga. Malam ya ɗaga hannu ya ce tunda an ɗauko shi, zai yi addu'ar neman sauƙi, wadda ba ta cutar da kowa. Muka ɗaga hannuwa. Ya fara, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa, ya juya wajen Kawu.

"Alhaji, ba na jin abin da nake faɗa. Wannan ƙugin ya yi yawa."

Kawu ya dubi Malam, ya dubi na'urar. Ya sunkuya da kansa ya zare wayoyin wutar guda biyu, ba ma ta makunni ba, abin da ni ba zan taɓa yi ba. Ɗakin ya yi tsit.

Malam ya ja addu'ar nan, ya yi wa iyaye, ya yi wa damina, ya yi wa matafiya, yana satar kallona. Ni kuwa na durƙusa a bayansu, na buɗe murfin, na zare sandar, na rufe. Da aka shafa, na mayar da wuta ina fargabar abin da zare wayoyin wutar ya ɓata. Ta tashi lafiya, babu kuskure ko ɗaya.

Kawu ya rungume Malam. Malam ya rantse cewa ni na yi aikin, na nuna sandar a hannuna, babu wanda ya kula. Alhajin Ajingi ya ja Malam gefe yana tambaya ko za a iya yi wa nasa kwamfutocin kafi, don ɓarayi sun dame shi.

Labari ya kai har ƙauyen Balan. Mutane suka fara kai wa Malam wayoyinsu da suka daskare, wata mata har da rediyo. Da ya gaji da musu, sai ya riƙa karɓa, ya kashe, ya yi Fatiha, ya kunna. Waɗanda suka ƙi tashi yakan turo mini su da 'yar takarda da ajami, yana neman afuwar ɗawainiya. Wata takardar ya ƙara da tambaya a ƙasa, ko akwai na'ura mai ƙwaƙwalwa huɗu, in akwai yana so ya gani kafin ya mutu. Na nemo hotonta na buga masa, na aika da mai babur.