Aikin da Ba a Yi wa Bahiyya Ba

Bahiyya tela ce a garin Tanta na ƙasar Masar. Shekara talatin tana ɗinka kayan makaranta a hawa na huɗu na wani tsohon bene, da keken ɗinkin nan ta raini ɗanta Ramzi bayan rasuwar mijinta.

Tana da shekara hamsin da biyar ciwon zuciya ya kayar da ita a bakin keke. Kwananta tara a asibiti, gadonta kusa da na Afaf, wata mai sayar da kifi da ciwo iri ɗaya ya kawo. Ramzi ne mai ganin likita. Ranar sallama ya ce, "Umma, kin auna arziki. Ya ce magani ya ishe ki." Ita kuwa Afaf sai da aka tsaga mata ƙirji. Har tausayinta Bahiyya ta ji.

Bayan sati uku Ramzi da matarsa suka tafi aiki Kuwait, suka bar mata 'ya'yansu biyu. Ta riƙe su, tana shan maganinta ba fashi. A shekara ta uku ta fara tsayawa tana haki a kowane hawa. A ta shida ƙafafu suka kumbura, taka keke ya gagara.

A shekara ta takwas suka haɗu da Afaf a layin asibiti. Da ƙafa Afaf ta tako daga kasuwa.

"Hajiya Bahiyya, ke ce kika koma kamar jiƙaƙƙen burodi?"

"Ke dai kin sha wuƙa kin huta."

"Ai ke ma an so a yi miki. Ina kwance ina jin likita bayan labule yana lallashin ɗanki, wai jijiya uku sun toshe. Ɗan naki ya tambayi tsawon jinyar, aka ce wata uku, sai ya ce a dakata. Na ɗauka ke kika tsorata."

Bahiyya ta sa aka buɗe fayil ɗinta. Ga takardar ƙin aikin, ga sa hannun Ramzi. Likita ya ce yanzu zuciyar ta yi raunin da ba za ta ɗauki wuƙa ba.

Da la'asar ta kira Ramzi a waya.

"Umma, a lokacin bizarmu ce za ta mutu. Na ce in na zo hutu sai a yi. Da na ga kin miƙe kuma..."

"Hutu takwas ka zo, Ramzi."

Ba ta yi masa baki ba. Ta ce in an rufe makaranta ya zo ya kwashi yaransa. Da ya kwashe su ta koma wurin ƙanwarta Nagat a garin Mahalla, ɗakin ƙasa. Duk Juma'a yana kira, ta tambayi jikokinta ta ajiye wayar.

Shekara biyu ta ƙara a duniya. Sau ɗaya ta taɓa tayar da zancen, suna gyaran kuɓewa da Nagat. Ta ce, "Da ya tambaye ni, wallahi da bakina zan ce ya tafi."