Fuskar Tanneken a Gindin Uwar Halitta

Aikin Lieven a ɗakin buga zane na Maigida Wouter, a birnin Antwerp, shi ne goge allo. A cusa tawada cikin tsagin allon jan ƙarfe, shi kuma ya share saman da tafin hannu har ya yi ƙyalli, sannan a ɗora takarda mai laima a matse. Tun yana saurayi yake wannan aiki, baƙin tawada bai ƙara barin hannunsa na dama ba.

Allon da ya fi kasuwa shi ne na Uwar Halitta, allahiyar mutanen da: ganuwar birni a kanta, nonuwa jere har ciki, zaki da barewa suna tsotso gefe da gefe, kogi na kwararowa daga mayafinta. A gindinta wata yarinya ta ɗaga kai tana kallonta. Mai sassaƙa allon, wanda ya daɗe da barin gari, ya ɗauki fuskar ne daga Tanneken, 'yar Lieven, ranar da ta kawo wa ubanta burodi da cuku. Da hunturu ya shigo, zazzaɓi ya tafi da ita.

Jan ƙarfe yana cinyewa, kuma siraran layuka ne ke fara ɓacewa. Duk allon babu layin da ya kai na fuskar yarinyar siranta. Lieven ya san tafinsa ne ke cin ta. Sai ya riƙa sassauta hannu in ya zo wurin, takardu suka fara fitowa da duhu a kusurwa.

"Kai Lieven, ka mai da min yarinya 'yar gawayi," in ji Wouter. Sai ya tuna ko 'yar wa ce, ya rage murya. "Bari in kira Gillis mai sassaƙa ya sake tsaga fuskar."

"Gillis bai taɓa ganinta ba, Maigida. 'Yar wani zai sassaƙo mana."

"To yaya kake so a yi, dattijo?"

"A ci gaba da bugu. Zan goge daidai."

Ya kuwa goge daidai. Girarta ta fara tafiya, sai leɓe, sai haɓa. Wata safiya aka ɗaga takarda, babu yarinya, sai ɗan haske cikin ninkin mayafin, kamar an rungume ta an ja ta ciki. Ita kuwa Uwar tana nan cif, ganuwarta da zakinta, kogin na ta kwarara.

Lieven ya cire hula, kamar a bakin kabari. Ya daɗe a tsaye, babu wanda ya ce ya yi sauri.