Tsinken Tsintsiyar Baba Iro

Daga Kazaure har bakin iyaka babu injin da ya taɓa ba ni kunya. Ni Sani Bakanike, da jin tarin tarakta daga nesa nake sanin ciwonta. Amma akwai wata Laraba a Roni da har gobe in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Ruwan shuka ya sauka, tsohuwar taraktar ƙungiyar manoma kuma tana kwance. Shugabansu, Alhaji Sale, ya zo da kansa ya ɗauke ni a babur, ya ce in ƙasa ta bushe ba a yi huɗa ba, sai kuma wani ruwan. Na buɗe inji, na tarar bushin kamshaf sun cinye. Kamshaf ita ce sandar da ke buɗe bawul, bushi kuwa zobban ƙarfe ne da take juyawa a cikinsu. Akwai ƙarfe na musamman da ake tura su da shi, sai a Kano ake samunsa. Na ce Kano ta riƙe kayanta.

Na koma gida na sace taɓaryar uwargida, na yanke ta, na feƙe bakinta daidai zobe. Na binne sababbin bushin da na taho da su a ƙanƙarar mai zoɓo don su tsuke, sannan na riƙa tura su da guduma a hankali. Kafin la'asar duka sun zauna. Mutane sun fi na kasuwar Gwiwa yawa suna kallona.

Ina shirin mayar da kamshaf, sai Alhaji Sale ya ce a jira Baba Iro, tsohon bakaniken ma'aikatar gona da ya yi ritaya, ya duba. Ni za a duba wa aiki! Na ce Baba ko goro ba ya gani sai an ɗora masa a tafin hannu. Alhaji ya ce duk da haka.

Tsoho ya zo da sanda, bai taɓa sifana ba. Ya zare tsinke daga tsintsiya, ya zura a hanyar mai. Kowane bushi yana da ɗan rami da dole ya dace da wannan hanya, in ba haka ba mai ba zai kai ba, inji ya ƙone. Na farko tsinke ya wuce. Na tsakiya ya tsaya cak. Na manta ban yi alama da alli ba, zoben ya juya.

Wajen fiddo zoben ya lanƙwashe. Sai da na je Kanon da na raina na sayo wani, huɗa ta yi jinkirin kwana biyu, manoma na hararata. Tun ranar ba na rufe inji sai na zura tsinke, amma a gaban jama'a aka yi mini haka, shi ne ya ƙona ni.

A ranar ma sai da na ce, "Baba, ko ba komai ai ka yaba dabarar."

Ya ce, "Na yaba, ɗana. Taɓaryar ta iya aiki. Ka mayar wa mai ita, wataƙila ta fi ka duba rami kafin ta daka."