Rumfar Kallon Maman Sani

Duk wanda ya tashi a Maijirgi shekarun baya ya san rumfar Maman Sani. Tana bayan kasuwa, daura da inda masu amalanken jaki ke ɗaure dabbobinsu, an kewaye ta da zana, an lulluɓe samanta da tsofaffin buhuna don kada hasken rana ya kashe hoto. A ciki akwai bencina, da tele bisa tebur, da Maman Sani tsaye a gefe riƙe da karan dawa yana nuni da shi. Shi ne mai wurin, shi ke tada gurup, injin ba da lantarki, idan za a kunna wuta, shi ne kuma bakin duk wanda ya fito cikin akwatin nan, namiji ko mace, Ba'indiye ko Bature.

Asalinsa ɗan Hawandawaki ne. Yana saurayi ya raka kawunsa Tasawa sayar da gujiya, kawun ya tsaya ciniki, shi kuwa ya bi wata waƙa da ya jiyo har ya leƙa wani zaure cike da mutane. Can ya ga wata mace cikin tufa ruwan ɗorawa tana gudu bisa tudu mai kore shar, ruwan sama na zuba kamar da bakin ƙwarya, wani saurayi na bin ta yana rera waƙa. Maman Sani ya sandare a bakin ƙofa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ruwan. Ruwa irin wannan, da zai ishi gonakin garinsu damina guda, mutum biyu kaɗai ke wasa a ciki, ba wanda ya fito da iri.

A hanyar komawa ya ba kawunsa labarin fim ɗin tun daga fari har ƙarshe, har da abin da kowa ya ce.

Kawun ya ce, "Kai, yaushe ka iya Indiyanci?"

Ya ce, "Ban iya ba, Kawu. Amma in mutum ya yi fushi ko ya yi kuka, ai an san abin da bakinshi zai faɗi."

Ya yi shekaru yana cin rani tsakanin Maraɗi da Kano, dako da turin ruwa, har ya dawo da tele da bidiyo da kwalin kasakasai. Ya zaɓi Maijirgi saboda kasuwa da hanya, ya yi aure a nan, ya kafa rumfa.

Mutane na zuwa ne bayan azahar, ranar kasuwa kuwa sai an zauna har a ƙasa. Ba hoton kaɗai ke kawo su ba. Maman Sani na sa wa attajirin Indiya muryar wani dillalin shanu da kowa ya sani, ya sa wa uwar yarinya habaicin matan bakin rijiya. In jarumi ya yi dogon jawabi, sai ya taƙaita shi da, "Ya ce ba ya yi!" Wuri ya ɗauki dariya. Amma da zarar an fara waƙa sai ya sauke karansa ya yi shiru. Ya ce waƙa ba a fassara ta, wanda ya fassara waƙa kamar wanda ya tauna wa mutum abinci ne. Fina-finan waƙa su ne abin sonsa, musamman inda gari guda ke fitowa rawa, tsofaffi da yara, har mai sayar da shayi ya ajiye butarsa ya shiga layi. Ya kan ce mutanen nan ko fari aka yi musu da kiɗa za su tare shi.

Fina-finan ƴan sama jannati kuwa don samari kawai yake sa su. Shi ba ya ganin abin kallo a ciki: mutane cikin rigar ƙarfe, ba gona, ba akuya, ba wanda ya san gabas balle ya yi salla. Yakan fassara su da ɗan tsaki a ƙasan murya.

Matarsa Rashida ba ta taɓa taka rumfar ba, don ba wurin matan aure ba ne. Amma babu fim ɗin da aka nuna da ba ta san shi ba. Da magariba ta wuce, ya zauna bisa tabarma a tsakar gida, ita tana kwashe tuwo, sai ta ce, "To Malam, yau wa aka raba da wa?" Na soyayya take so, amma ba ta yarda da su haka nan. Takan tsaya da mara a hannu ta ce, "Duk wannan wahala, ba su da manya ne? A tura dattijo da goro mana, magana ta ƙare." Wata rana ya ba ta labarin wata amarya da ke kuka a tashar jirgin ƙasa saboda masoyinta bai zo ba. Rashida ta girgiza kai.

"Ba don shi take kuka ba. Wa ka ce yana tsaye bayanta?"

"Uwarta."

"To ai ka ji. Rabuwa da uwar take wa kuka."

Washegari da ya sake nuna fim ɗin ya duba da kyau, sai ya ga idon amaryar a kan tsohuwar yake. Ya canza fassarar. Wani magidanci da ya aurar da ɗiyarsa Agadas ya tashi ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba.

Haka suka zauna har ɗiyarsu ɗaya tilo, Sakina, ta girma aka yi mata aure aka kai ta Mayahi. Wata kaka, ana tsakiyar yankan gero, zazzaɓi ya kama Rashida. Aka kai ta likita Tasawa, ba ta dawo da ƙafarta ba.

Da aka share makoki ya buɗe rumfa, don bai san wani abin da zai yi da yininsa ba. Ya fassara fim ɗin ranar kamar kullum, mutane suka yi dariya inda ake dariya. Da ya koma gida ya zauna bisa tabarma, labarin na bakinsa a shirye, har da inda ya san Rashida za ta yi gardama. Murhu a sanyaye. Ya ci tuwon da maƙwabta suka aiko, ya tashi ya ɗaure akuya.

Bayan wannan ne wayoyi suka cika gari. Samari suka riƙa zuwa Tasawa ana zuba musu fina-finai a ɗan kati, an riga an fassara su da Hausa daga Kano, murya ta zauna daidai da baki. Kowa ya samu gindin bishiyarsa, ya toshe kunne, yana dariya shi kaɗai. Wani kuma ya kafa faranti a ɗaya gefen kasuwa yana nuna ƙwallo. Bencinan Maman Sani suka fara yin ƙura daga baya, a hankali har ta iso na gaba. Bai yi faɗa da kowa ba. In ya gamu da tsofaffin ƴan kallonsa a masallaci sukan gaisa da fara'a, su ce, "Kwana biyu, Malam, za mu leƙo." Ya ce, "Allah ya kawo ku."

Mijin Sakina ya zo ya kafa masa fano mai jan hasken rana, ya huta da gurup da sayen esansi, wato fetur. Sai ya zama kullum bayan azahar ya share rumfa, ya kunna tele, ya zauna shi kaɗai a bencin gaba. Fina-finan waƙa ya daina sa su. Gari guda na rawa a gabansa, shi ga shi cikin bencina wayam, abin ya yi masa nauyi. Na soyayya kuma sai ya riƙa jin tambayoyin Rashida ba mai yin su. Sai ya koma kan waɗanda a da yake wa tsaki. Ya lura ƴan sama jannatin nan ba su cika magana ba. Mutum zai zauna cikin ɗakin ƙarfe yana cin abinci shi kaɗai, ba ƙarar komai sai ta inji, ya leƙa taga ya ga duhu. Maman Sani ya ce a ransa, wanda ya shirya wannan ya taɓa zama a gidan da ba kowa.

Har yanzu yana fassarawa, da ƙarfi, ba don kowa ba. Baki ya saba.

Wata rana da zafi, yana cikin haka, ya ji sanda na taɓa zana. Abdussalamu ne, tsohon telan kasuwa, wanda yanar ido ta rufe masa gani har ya bar keken ɗinki. Inuwa yake nema.

"Salamu alaikum. Maman Sani, da wa kake magana?"

"Wa alaikumus salam. Da waɗanga na cikin akwati."

"Suna amsa maka?"

"Ba su taɓa ba. Shigo ka zamna, Malam Abdu, ga benci nan damanka."

Abdussalamu ya lalubo ya zauna, ya jingine sandarsa. Can ya ce, "To ci gaba mana. Amma ka faɗa mini komi, ni ban ganin ko fitila."

Wannan sabon aiki ne. Shekara da shekaru Maman Sani magana kawai yake fassarawa, yanzu sai ya fassara sama da ƙasa. Fim ɗin na wani mutum ne da aka sauke shi kaɗai a wata duniya mai rana biyu, aka ce ya nemo ruwa kafin jirgin jama'a ya iso. Maman Sani ya ce ƙasar ja ce kamar jan jigawa, rana ɗaya na faɗuwa ɗaya na fitowa, mutum bai da dare da zai huta. Abdussalamu ya tambayi irin rigar mutumin, da inda aka sa mata aljihu, da ko ɗinkin ya zauna a kafaɗa. Da aka ce masa rigar ba ta da maɓalli ko ɗaya sai ya ce, "Aikin banza."

Mutumin ya haƙa nan, ya haƙa can, injinsa ya lalace, ya koma haƙa da hannu. Gemunsa ya yi fari. A ƙarshe ƙasa ta yi danshi, ruwa ya tsattsafo. Ya zauna a bakin ramin yana kallon sama. Rubutu ya fara hawa.

Abdussalamu ya ce, "Sai me?"

"Shi ke nan. Ya ƙare."

"Jirgin fa?"

"Ba a nuna ya zo ba."

"Haba! Kai da ka saba gyara musu magana, gyara mashi mana. Ka ce sun zo."

Maman Sani ya dubi telen. Ya ce, "Wanga ban iya gyara shi ba, Malam Abdu."

Tsohon telan ya murza kan sandarsa. Sannan ya ce, "Gobe ka sa mai waƙa. Ita ko ba ido ana jin ta."

Rani guda suka yi tare. Abdussalamu na zuwa da ƙullin goro, wani lokaci da fura a ƙwarya. Fina-finan waƙa suka dawo rumfar. In an fara, Maman Sani ya yi shiru kamar da, Abdussalamu na buga ƙafa a ƙasa, in an gama ya ce, "To faɗa mini kalar zannuwan." Sukan yi musu a kan na soyayya, domin Abdussalamu kullum bayan uban yarinya yake. Masu wucewa suka sake jin dariya daga bayan zana, wasu har sukan tsaya su leƙa, amma ba su zama.

Gab da damina ɗan Abdussalamu ya zo daga Maraɗi da mota ya ce an samu likitan ido. Ranar sun kai rabin wani fim, na wata yarinya da ta bi masoyinta birni ta tarar ya sauya gida. Abdussalamu ya ce, "Ajiye mini shi nan, kada ka kalle shi ba ni." Aka tafi da shi Maraɗi aka yi aikin, ido ɗaya ya buɗe. Ɗan ya ce ba zai sake barin tsoho shi kaɗai a ƙauye ba, kuma kowa ya ce ya kyauta. Maman Sani ma haka ya ce.

Sai bayan an yi noman farko waya ta shigo. Maman Sani na zaune a rumfa, ruwa ya ɗan ɗiga ta buhunan sama, ya rufe tele da leda.

"Maman Sani! Ni ne, Abdu. Ina ganin hannuna!"

"Alhamdu lillahi! Barka da arziki, Malam Abdu. Ya iyali?"

"Lahiya lau. Suna da tele nan babba, kamar ƙofa. Jikoki na kallo, kowa shiru, in na yi tambaya sai su ce Baba bari mu ji. Kai, yarinyar nan fa, ta gane gidan?"

"Ai ka ce kada in kalla."

"Ban yarda ba, na san ka."

Maman Sani ya yi dariya, ya gyara zama. Ya fara ba shi labarin yadda yarinyar ta kwana a tasha, yadda wata mai sayar da furanni ta ja ta gidanta, da kalar zanen da ta ba ta. Ya kai har inda ta hango saurayin a ƙetaren titi kafin ya ji wayar ta yi shiru da yawa. Ya duba. Rezo, wato layin waya, ya ɗauke, bai san tun yaushe ba. Ya gwada kira, bai shiga ba. Ya sa wayar a aljihu, ya jawo zana ya rufe ƙofa, ya nufi masallaci don an kira la'asar.

Yana nan Maijirgi har yau. Bencinan an fi aron su wajen biki da zaman makoki. Sakina na ta roƙonsa ya komo Mayahi, ta ce akwai ɗaki, ga jikoki. Yakan ce mata sai an yi kaka ya ɗaure geronsa tukuna.